Ziyarar Taya Murna Ko Takardar Koke? Kai Buƙatun Lafiya Gaban Sababbin Shugabanni

Tazarar da ke tsakanin ranar da ake rantsar da sabuwar gwamnatin tarayya a Nijeriya da ranar da take miƙa kasafin kuɗinta na farko gajeriya ce ƙwarai. A shekarar 2023 an rantsar da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ranar 29 ga Mayu, aka ƙaddamar da Majalisar Tarayya ta goma ranar 13 ga Yuni, ministoci suka yi rantsuwar kama aiki ranar 21 ga Agusta, sannan aka gabatar da kasafin 2024 a gaban majalisa ranar 29 ga Nuwamba. Wata shida ke nan cif. A cikin waɗannan watanni ne ake raba kujerun kwamitoci, ma'aikatu suke tsara abin da za su nema, kowane sanata daga cikin 109 da kowane ɗan majalisar wakilai daga cikin 360 yake yanke shawarar irin ayyukan mazaɓar da za su ɗauki sunansa. Abin da bai samu shiga a wannan taƙi ba, sai dai ya jira baɗi, kuma galibi baɗin ba ya zuwa, domin kasafin farko shi yake zama tubalin da ake ɗora na biyu da na uku a kansa.

Me al'ummomin ƙasar Hausa suke yi da waɗannan watanni? Ziyarar taya murna. Ƙungiyoyin ci gaban gari da dattawa da malamai da shugabannin mata sukan yi ayari zuwa Abuja ko zuwa gidan zaɓaɓɓe, a yi gaisuwa, a yi addu'a, mai magana da yawun tawaga ya jero matsaloli goma sha: ruwa, hanya, wuta, makaranta, asibiti, aikin yi ga matasa. Mai gida ya ce ya ji, a ɗauki hoto, a ba da kuɗin mota. Ba ni da wata jayayya da gaisuwa. Zumunci ne, kuma ita ce take buɗe ƙofar da ba ta buɗuwa ga baƙo. Abin da nake ja da shi shi ne a shiga ta wannan ƙofa a fito ba a ajiye komai a rubuce ba. Ra'ayina shi ne buƙatar lafiya ba ta zama buƙata a idon hukuma sai ta kasance guda ɗaya, tana da suna, da adadi, da wurin da kuɗinta zai fito, da ranar da za a dawo a tambaya. Haka kuma ina ganin manazarta Hausa suna da kaso a wannan aiki wanda likita da ɗan siyasa ba za su iya ɗauke musu ba.

Za a iya cewa kiwon lafiya a matakin farko aikin jiha ne da ƙaramar hukuma, don haka zuwa Abuja da kukan asibitin ƙauye ɓata takalmi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sanya samar da ayyukan lafiya cikin abubuwan da ƙananan hukumomi suke da hannu a ciki, kuma yawancin ma'aikatan ƙananan asibitoci ba tarayya take biyansu ba. Sai dai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta sauya lissafin. Sashe na 11 na dokar ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ya kuma wajabta wa gwamnatin tarayya zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigarta a ciki. Dokar ta fayyace rabon: kashi 50 na biyan kuɗin muhimman ayyukan jinya ta hanyar inshora, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 na gyaran gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Duk da haka sai a kasafin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi, kimanin naira biliyan 55, shekara huɗu bayan sa hannu. Wannan jinkiri kaɗai ya isa ya nuna cewa doka ba ta aiwatar da kanta. A watan Disamba na 2023 kuma, ma'aikatar lafiya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta ƙulla yarjejeniya da gwamnoni wadda a cikinta aka yi alkawarin ninka ƙananan asibitocin da suke cin gajiyar asusun, daga kimanin 8,800 zuwa sama da 17,000. Tambayar da ta kamata kowace mazaɓa ta riƙe ita ce: asibitinmu yana cikin jerin ko ba ya ciki, kuma nawa ya shigo masa a wata ukun da suka wuce? Amsarta tana Abuja kafin ta iso babban birnin jiha.

Misalin Bagega shi ya fi fito da bambancin da ke tsakanin kuka da koke. A farkon 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda gubar dalma, wadda take fita daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta ci gaba da jira. Matsalar kuwa a fili take: maganin da yake fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma ya yi rarrafe a tsakar gidan da gubar take, saboda haka likitocin ƙungiyar MSF ba su da damar fara jinya sai an share ƙasar. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi, watanni suka yi ta wucewa ba a sake su ba. Waɗanda suka ɗauki maganar, ciki har da matasan da suka kafa shirin bin diddigin kuɗi na Follow The Money da ƙungiyar Human Rights Watch, ba su tsaya ga cewa a dubi Zamfara da idon rahama ba. Sun ambaci gari ɗaya, da yara kimanin 1,500 da suke jiran magani, da kuɗin da aka riga aka yi alkawari, da damina da take tafe wadda za ta hana aiki. A watan Janairu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin, aka share Bagega a shekarar, aka fara jinyar yara. Buƙatar ta yi ƙunci har ta kai matsayin da amsarta ba ta wuce i ko a'a ba, kuma babu shugaban da yake son a ji shi yana cewa a'a a kan yara masu farfaɗiya.

Ga manazarcin harshe, labarin ciwon da likitoci suke kira noma ya fi jan hankali. Cuta ce da take farawa daga dasashi ta cinye kunci da leɓe da hanci cikin 'yan kwanaki, ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, kuma idan ba a yi magani ba tana iya kashe har tara cikin goma. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. Amma sunan da aka sa mata a littattafan likitanci, wanda asalinsa Girkanci ne, ya yi karo da kalmarmu ta noma, har mai sauraren sanarwa a rediyo zai iya zaton maganar gona ake yi. A bakin mutane kuwa sau da yawa ciwon daji ake ce mata, sunan da a Hausar asibiti da ta jarida yake nufin kansa. Cutar da ba ta da tsayayyen suna ba ta ƙirguwa, domin uwa za ta faɗi wani abu, ma'aikacin asibiti ya rubuta wani, mai tattara alƙaluma ya zuba shi a wani gurbi dabam. Sai da aka ɗauki shekaru ana tattara bayanai da fafutuka, har Nijeriya ta ware mata rana ta musamman a kowace shekara, kafin ma'aikatar lafiya ta tarayya ta miƙa takarda ga Hukumar Lafiya ta Duniya a watan Janairu na 2023. Ranar 15 ga Disamba na wannan shekara hukumar ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Takardar da wata gwamnati ta miƙa, a zamanin wata gwamnati aka ci moriyarta, abin da yake nuna cewa abin da aka rubuta yana tsallake sauyin mulki, abin da aka faɗa a zaure kuwa yana tafiya da mai zauren.

Irin wannan ruɗani ya sake bayyana a lokacin annobar da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta kuma yi tsanani a 2023, daidai lokacin da ake hidimar zaɓe da rantsarwa. Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Kafofin yaɗa labarai suka kira ta mashaƙo, wasu suka ce maƙarau, alhali a kunnen iyaye da yawa mashaƙo ciwon maƙogwaro ne na sanyi da ake yi wa jiƙe-jiƙe a gida. Cutar kuwa tana da rigakafi a cikin allurar nan mai haɗe da magani biyar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya riga ya nuna inda ɓarakar take: kashi 5 cikin 100 kacal na yaran jihar Sakkwato ne suka kammala muhimman alluran rigakafi, a daidai lokacin da Anambra take da kashi 76. Binciken ya kuma nuna cewa a Arewa maso Yamma yara 187 cikin kowane 1,000 suna mutuwa kafin su cika shekara biyar, adadin ƙasa baki ɗaya kuwa 132 ne. Alƙaluman suna nan a buɗe tun kafin zaɓe. Da wuya a ce tawagogin taya murna sun shiga da su a hannu, kuma ba laifinsu ba ne kaɗai, tunda rahoton da Turanci yake, cikin shafuka ɗaruruwa.

Akwai kuma tambayar wa yake zaɓen abin da ya fi muhimmanci. Tarihin shan-inna ya koya mana darasi mai tsada a kan haka. Lokacin da Kano ta dakatar da ɗigon rigakafi daga 2003 zuwa 2004, an fi mayar da hankali kan jita-jitar hana haihuwa da kuma tabon da gwajin maganin Trovan ya bari tun annobar sanƙarau ta 1996. Amma a ƙarƙashin wannan akwai wata tambaya da iyaye suka yi ta maimaitawa, wadda Elisha Renne ta yi nazari a kanta a Zariya: me ya sa ake bin mu gida-gida da maganin cutar da ba kasafai muke gani ba, kyauta, alhali ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna kashe 'ya'yanmu, kuma a asibiti sai mun saya? Tambaya ce ta mai hankali, kuma da aka fara ba ta amsa sai al'amura suka fara sauyawa. A 2006 aka soma haɗa ɗigon da wasu alluran da kayayyaki irin su gidan sauro da sabulu, a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Sabuwar gwamnati takan tarar da jerin muhimman abubuwa a shirye a kan tebur, wanda masu ba da tallafi da manyan ma'aikata suka tsara. Idan mazaɓa ba ta kawo nata jerin ba, da wancan za a yi aiki.

Idan aka tambaye ni abin da ya kamata mazaɓar karkara ta sa a gaba, zan ce ungozoma ƙwararriya da take kwana a asibitin, tare da magungunan haihuwa a ma'ajiyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk duniya. Manyan dalilan sanannu ne: zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda wadda take barin wadda ta tsira da yoyon fitsari, ciwon da ya sa aka san asibitin Babbar Ruga na Katsina har a ƙetare. Jihar Kano ta nuna abin da magani ɗaya mai araha zai iya yi: bayan da aka shigar da allurar gishirin magniziyam a asibitoci goma na jihar daga 2008, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3. Sai dai ɗan majalisa ba ya samun farin jini da allura. Gini yake so, mai fenti da allo ɗauke da sunansa, ko kuma kwana uku na rabon tabarau da aikin gwaiwa kyauta. An shafe shekaru ana ware naira biliyan 100 a kowace shekara don ayyukan mazaɓu, kuma a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya koka cewa an kashe kusan tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba tare da an ga tasirin da ya dace ba. Duk wanda ya zaga ƙauyuka ya ga irin waɗannan gine-gine a kulle, awaki suna shan inuwa a barandarsu. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009 ma ya yi rauni ne a daidai gaɓar da ba ta fitowa a hoto, wato alawus da masaukin da aka ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi. Saboda haka takardar koke mai ma'ana za ta nemi ɗan majalisa ya gyara masaukin ma'aikata da firjin magani mai aiki da hasken rana a asibitin da yake akwai, ta kuma nemi ya yi amfani da kujerarsa wajen bin kuɗin asusun.

A nan ne maganar ta dawo ɗakin karatunmu. Harshen da muke tunkarar mai mulki da shi harshen roƙo ne. Muna cewa a taimaka, a dubi Allah, ya gina mana, ya ba mu, kamar daga aljihunsa ya ciro. Kalmar romon dimokuraɗiyya da ta zauna a bakin 'yan siyasa da 'yan jarida ita kanta tana ɗauke da hoton mai tukunya da mai miƙa kwano. Tun 1957 M. G. Smith ya yi bayanin yadda roƙo yake tabbatar da matsayi tsakanin babba da ƙarami a zaman Hausawa, kuma duk wanda ya saurari jawabin tawaga a gaban sanata zai ji tsarin nan daram: kirari, sannan ambaton alherin baya, sannan buƙata a lulluɓe. A cikin siffofin mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara, haƙuri da kunya da ladabi su muke ɗora wa talaka, amana da adalci kuwa, waɗanda su ma suna cikin jerin, ba mu cika tuna wa shugaba da su a gabansa ba. Amma muna da wata al'adar, ta rubutacciyar nasiha ga sabon mai mulki. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin jagororin da suka karɓi ragamar gari, Muhammadu Bello kuma ya rubuta Usulus Siyasa domin Umaru Dallaji na Katsina, inda ya sanya kula da masu sana'o'in da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, har da masu magani, cikin wajiban shugaba. Waɗannan rubuce-rubuce ba su rasa ladabi ba, kuma ba su yi roƙo ba. Daga gare su za a iya gina salon takardar koke ta Hausa wadda take girmama mutum tana kuma kiran haƙƙi da sunansa.

Aikin da ya rage na hannu ne, kuma sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Maiduguri suna da ma'aikatansa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna cewa za a iya zama a daidaita kalmomin fanni guda. Sunayen cututtuka da kalmomin kasafi suna jiran irin wannan zama, tare da likitoci da ungozomomi, da kuma la'akari da cewa abin da Basakkwace yake kira da wani suna, Bahaɗeje yana iya kiransa da wani. Sashe na 11 na Dokar Lafiya bai fi shafi biyu ba, ɗalibin fassara zai iya mayar da shi Hausa a zangon karatu ɗaya, da boko da ajami, a manna shi a ƙofar kowane ƙaramin asibiti. Kwamitocin ci gaban mazaɓa, waɗanda tsarin hukumar kula da lafiya a matakin farko ya tanada domin sa ido a kan asibitoci, su ne suka fi buƙatarsa. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambayar da aka yi mata a rubuce, majalisun biyu suna da kwamitocin karɓar koke, kuma ta hannun ɗan majalisa ake shigar da shi. Sashe na 55 na tsarin mulki ma ya amince a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa idan an yi tanadin da ya dace, tanadin da har yau ba a yi ba.

Ɗalibanmu suna rubuta kundaye a kan waƙoƙin siyasa na kowane zaɓe, suna ƙalailaice zambo da habaici da kirarin 'yan takara. A cikin waƙoƙin nan da jawaban kamfe da hirarrakin rediyo akwai alkawuran asibiti da na magani kyauta ga mata masu ciki da yara, waɗanda aka furta da Hausa, a wurin da aka sani, a ranar da aka sani. Idan sashe ɗaya ya ɗauki nauyin rubuta su kalma da kalma a lokacin zaɓe mai zuwa, mazaɓa-mazaɓa, ya miƙa wa kwamitocin unguwanni kafin ranar 29 ga Mayu, tawagar da za ta je taya murna za ta shiga da shafi ɗaya a hannu: ga abin da ranka ya daɗe ya faɗa a filin gari, ga asibitin, ga abin da ya rasa, ga sashen dokar da kuɗin yake, kuma za mu dawo a watan Satumba, kafin ma'aikatu su rufe lissafinsu.